Bangon ɗakin kwananmu ya jiƙe ya yi funfuna, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, a ɓoye sunana. Wata tara ke nan da muka tare a gidan haya a nan Kano, ɗaki biyu da falo. Da hunturu muka shigo, gida ya sha sabon fenti. Kuɗin shekara biyu muka biya a dunƙule, sai da na sayar da sarƙata aka cika, domin zaman gidan surukai ya ƙi daɗi, kullum da abin da za a ce na yi, har Umma ta ce ko ɗaki ɗaya ne mu nema mu fita. To tun da ruwan Agusta ya kankama, bangon da gadonmu ke jingine ya fara jiƙewa, fenti ya kumbura yana ɓarewa, baƙin funfuna ya fito. Jiya na janye wadirof na tarar bayansa ya yi kore, atamfofin lefena uku sun yi tabo. Yarona ɗan shekara biyu yana ta tari da dare. Na goge da omo, na yi turaren wuta, warin na nan. Mai gidan hayar ya ce damina ce, zai bushe. Wallahi ko barci ba na iya yi.

Maman 'Yan Biyu: Wa'alaikumus salam. Yau-yau ki fitar da yaron daga ɗakin, ku koma falo, gobe ki kai shi asibiti. Funfuna na tayar da asma, kuma hayaƙin turaren ƙara masa tarin zai yi.

Injiniya: Hajiya, daga ƙasa ruwan ke hawowa. Ba a shimfiɗa leda a kan fandisho ba lokacin gini, shi ya sa bulo ke tsotsar ruwa kamar lagwani. Ki duba, za ki ga jiƙon bai wuce ƙugu ba, kamar mita 1, da farin gari-gari kamar gishiri. Magani ɗaya ne: a kankare filastar har a ga bulo, a bari ya bushe, a sake yaɓe da siminti mai maganin hana ruwa. Duk wanda ya gaya miki wani abu daban bai san gini ba.

Baban Yara: Injiniya, ba ka ga ɗakin ba ka yanke hukunci. Nawa daga sama ne, kwano ya huje wajen ƙusa, indararo kuma ya toshe da ganye. Da aka gyara magana ta ƙare. 'Yar uwa, daga ina jiƙon ya faro? Me ke bayan bangon?

Uwargida: Masu gidajen hayan nan sai Allah. Namu shekara uku muna fama, mu muka gyara sokawe da kuɗinmu, da shekara ta zagayo ya ƙara mana haya wai gida ya yi kyau. Dillalin ma ya daina ɗaga wayata. Allah ya isa.

Mai tambaya: Ban lura da inda ya faro ba, gado ya kare wajen. Bayan bangon lungu ne, akwai kwatar maƙwabta. Amma Maman 'Yan Biyu, falon da ƙannen maigidana biyu suke kwana, ina zan kai yaro? Tarin ma ina jin mura ce kawai.

Injiniya: Kin ji ko? Kwata! Abin da na faɗa ke nan. Kada ki bari a shafa miki fentin mai, rufe danshin yake yi a ciki, bayan wata biyu ya kumbura ya fi na da muni.

Anti Mai Ɗinki: Ni tayil na sa rabin bango, na huta.

Injiniya: Ba ki huta ba Anti, ruwan zai haura saman tayil ɗin ya fito. Ki jira damina biyu.

Maman 'Yan Biyu: Kafin a kai ga gini, ki matsar da gado da wadirof daga bango ko da taƙi ɗaya ne, ki buɗe taga da rana, katifa ta sha rana. Ki surka Hypo da ruwa ki goge, ki rufe hanci, yaro na waje. Kada ki kuskura ki haɗa shi da ruwan wanke masai, iskar da ke tashi guba ce.

Uwargida: Ki tashi kawai, lafiya ta fi kuɗi.

Mai tambaya: In tashi in koma ina? Wa zai dawo min da kuɗin wata goma sha biyar? Taga kuma ba na buɗewa saboda sauro da warin kwatar. Ɗakin ƙarami ne, in na matsar da gado ƙofa ba za ta buɗu ba. Kuma ba wai ban duba gidan ba kafin mu biya, sau biyu na je, bango a bushe yake.

Baban Yara: Da hunturu ai kowane bango a bushe yake. Shi maigidan naki me ya ce?

Injiniya: Ki turo hoton bangon daga waje, da tsawon ɗakin, in yi miki lissafin buhun siminti.

Mai tambaya: Maigidana yana Legas, sai ƙarshen wata. Wata ta ce min in ajiye gawayi a kwano a kusurwar ɗaki yana shanye danshi, akwai wadda ta taɓa gwadawa?