Shin maki 50 ya isa a damƙa wa ɗalibar jinya majinyaci?

Sabuwar Malama ta rubuta:

Assalamu alaikum malamaina da abokan aiki. Na shekara tara ina aikin jinya a ɗakin kwantar da yara kafin a mayar da ni koyarwa a wata kwalejin jinya da ungozoma, kuma bana ne karo na farko da aka sa ni cikin masu duba jarrabawar ƙarshe ta makaranta, wadda ake yi wa 'yan ajin ƙarshe kafin a tura sunayensu zuwa jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wato wadda ɗalibai ke kira kansul. Sakamakon ɗalibai biyu ne ya tsaya mini a rai. Ta farko ta sami maki 49, makin wucewa kuwa 50 ne, saboda haka ba za ta zauna kansul a watan Mayu ba sai Nuwamba, alhali na san hannunta a asibiti, yarinya ce mai natsuwa wadda ba ta taɓa majinyaci sai ta duba katinsa. Ta biyu ta sami 68. Amma da aka tambaye ta maganin farasitamol na ruwa da za a ba yaro mai nauyin kilo 12, a kan miligiram 15 ga kowane kilo, daga kwalbar da ke da miligiram 120 a cikin mililita 5, sai ta rubuta mililita 75 a maimakon 7.5. Maki biyu kacal ta rasa, ta wuce abinta. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan fage su fahimtar da ni: daga ina 50 ɗin nan ya samo asali, kuma me yake tabbatarwa?

Malami Mai Ritaya ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Maki 50 al'ada ce da muka gada, an zaɓe shi ne saboda shi ne rabin ɗari, ba don wani ya auna ya gano cewa a nan ne iyakar cancanta take ba. Matsalarsa a fili take: idan tambayoyin bana sun yi sauƙi, wanda bai san komai ba zai haye shi, idan kuma na baɗi sun yi tsauri, ɗalibi nagari zai faɗi, alhali lambar ba ta motsa ba.

Masana auna ilimi sun daɗe da neman maganin wannan. Hanyar da ta fi shahara ita ce wadda ake dangantawa da William Angoff tun 1971. Ana tara ƙwararrun malamai da masu aiki a asibiti, a ce su ɗauko a ransu ɗalibin da ke bakin gaɓa, wanda ya cancanta da kyar, sannan su bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi mutum nawa cikin ɗari na irin waɗannan ɗalibai yake ganin za su amsa daidai. Idan aka haɗa ƙiyasin aka fitar da matsakaici, shi ne makin wucewa na wannan takarda, wanda zai iya zama 46 a wata shekara, ya zama 61 a wata. Aiki ne mai cin lokaci, na kuma sha ganin gardama ta kaure a irin wannan zama, amma gardamar tana da amfani, domin a nan ne malamai ke gano tambayoyin da amsarsu biyu ce ko waɗanda ba a taɓa koyar da su ba. A Amurka, majalisar da ke shirya jarrabawar NCLEX, wato jarrabawar samun lasisin aikin jinya, tana sake duba mizanin wucewa duk bayan shekara uku, kuma tun 1994 kwamfuta ce ke zaɓar wa ɗalibi tambaya ta gaba gwargwadon yadda ya amsa ta baya, ta yadda ba ƙidaya amsoshi ake yi ba, nauyin tambayoyin da ya iya ake aunawa.

Game da ɗalibarki ta biyu kuwa, laifin na tsarin tara maki ne. Idan aka zuba komai a kwano ɗaya, haddar tarihin aikin jinya za ta rufe wa mutum asiri a lissafin magani, kuma wannan bai kamata ba. George Miller ya kasa ƙwarewa hawa huɗu a 1990: sani, sanin yadda ake yi, nuna yadda ake yi, da aikatawa a zahiri. Takarda hawa biyu na ƙasa kawai take iya aunawa. Domin hawa na uku ne Ronald Harden da abokan aikinsa a Dundee ta ƙasar Sukotilan suka fito da tsarin OSCE, wato jarrabawar nuna aiki a gaban mai dubawa, a 1975, wanda yanzu ɗalibanmu ke yi, inda ake zagaya tashoshi, ana buga ƙararrawa, kowa ya fuskanci aiki iri ɗaya da takardar maki iri ɗaya. Shawarata ita ce ku ware wasu matakai a matsayin waɗanda ba a yafewa, kamar tantance majinyaci da auna magani, wanda ya kuskure su ya faɗi tashar ko da ya cika sauran.

Nas Daga Ingila ta amsa:

Malam ya yi gaskiya, kuma abin da ya ba da shawara shi ne na tarar lokacin da na nemi rajista a Birtaniya. Jarrabawarsu ta kwamfuta kashi biyu ce: lissafin magani tambaya 15, sai ilimin aikin tambaya 100, kuma kowane kashi cinsa daban, ƙoƙarinka a ɗaya ba zai cece ka a ɗayan ba. OSCE ɗinsu tasha goma ce, huɗu daga ciki a kan majinyaci guda ake bin su, daga duba shi, zuwa tsara kulawa, zuwa aiwatarwa, zuwa auna sakamako. Idan mutum ya yi abin da zai cutar da majinyaci, mai dubawa zai ɗaga batun a matsayin kuskure mai haɗari, tashar na iya tafiya gaba ɗaya. Wanda ya faɗi wasu tashoshi kuwa, su kaɗai zai maimaita, kuma ana rubuto masa inda ya gaza. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi burge ni, domin a makarantarmu ta gida sunan mutum kawai ake liƙawa a allo, ya tafi yana kuka bai san abin da zai gyara ba.

Shugabar Ɗakin Haihuwa ta amsa:

Da izinin Malam, ina da ja a kan yadda ake ɗora wa OSCE buri. Ni ce ke karɓar waɗannan yara bayan sun sami lasisi, kuma na ga waɗanda suka haddace takardar maki kamar karatun allo: su yi sallama ga mutum-mutumin roba, su gabatar da kansu da Turanci, su ce sun wanke hannu, su ce sun ja labule, kowace jimla da makinta. Ranar da aka kawo mai jijjigar haihuwa da ƙarfe biyun dare, dangi sun cika ƙofa, wuta ta ɗauke, sai ka ga hannu na rawa. Kafin a maimaita allurar maganin jijjiga bayan awa huɗu, dole a duba motsin gwiwa, a ƙirga numfashi kada ya gaza 16 a minti ɗaya, a duba yawan fitsari. Duk sun san wannan a takarda, amma kaɗan ne ke tunawa ba tare da na tsaya a kansu ba. Haka kuma babu tashar da ke auna ko ɗaliba za ta iya yi wa tsohuwa bayani da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci har ta yarda a yi wa jikarta ƙarin jini, alhali rabin aikinmu ke nan.

Hawa na huɗu da Malam ya ambata, a asibiti kaɗai ake ganinsa, kuma abin da ya kamata ya auna shi shi ne littafin da ɗalibai ke yawo da shi ana sa musu hannu a kan kowane aiki da suka yi. A nan ne ɓarakar take, kuma ba na cire kaina. Ɗalibai talatin ne a ɗaki ɗaya, ma'aikata biyu ne a bakin aiki, ranar ƙarshe sai a tara mini littattafai a tebur, in sa hannu a kan abin da ban gani da idona ba, saboda kunyar in mayar da 'yar mutane baya. Matuƙar sa hannun nan bai da nauyi, ko an gyara makin wucewa ba a taɓa tushen ba. Ɗalibarki mai 49, Malama, da littafin nan ana cika shi da gaskiya kuma ana ba shi kaso mai tsoka, da ba ta zauna wata shida a gida ba.

Sabuwar Malama ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Makin kansul ba a hannunmu yake ba, amma jarrabawar cikin gida tamu ce, don haka zan kai wa kwamitin jarrabawa buƙata biyu a zama mai zuwa: a ware lissafin magani ya zama takarda mai zaman kanta da makin wucewa mai tsauri, sannan a riƙa ba duk wanda ya faɗi bayanin inda ya gaza a rubuce. Hajiya, maganarki a kan littafin sa hannu ta taɓa ni, domin ni ma na yi hakan ina ɗakin yara. Idan makaranta ta turo malami ɗaya ya riƙa wuni tare da ɗalibai a ɗakinki kwana biyu a mako, shi ne zai sa hannu a kan abin da ya gani, kina ganin ma'aikatanki za su karɓi hakan, ko za su ɗauka an zo sa musu ido ne?