Kotun Alƙali da Kotun Waya

Tsohon Malamin Firamare:
Salamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya a teburin mai shayi aka sake tono maganar Maryam Sanda, aka yi ta musu har shayina ya huce ban kurɓa ba. Ga wanda ya manta: a Nuwamba 2017 mijinta Bilyaminu Bello ya rasu a Abuja da raunuka a jikinsa, ranar 27 ga Janairu 2020 kuma Mai Shari'a Yusuf Halilu na Babbar Kotun Abuja ya yanke mata hukuncin kisa ta hanyar rataya. Amsa-amonmu "ya" ne, kowa ya ɗora.

Ran Litinin aka yanke hukunci,
Kafin la'asar an bar cin abinci,
Mai babur, tela, har da mahauci,
Kowa ya zam alƙali a waya.

Bidiyon kukanta ya zaga gari,
Ta fice daga akwati da sauri,
Ni ma an turo mini tun da wuri,
Har sau tara, ni ko na ji kunya.

Uwar Biyu:
Malam, Allah ya ba ka haƙuri, amma kunyar nan taka ta karkata gefe guda.

Malam, kai hawayenta ka gani,
Ni ko mamacin nake tunani,
An kai shi kushewa cikin likkafani,
Ba shi da bakin faɗin gaskiya.

Da namiji ne ya soki matarsa,
Wa zai tsaya sauraron kukansa?
Da tuni kun ce a sare kansa,
Jini ɗaya ne, rai ma ɗaya.

Iyaye sun reni ɗa ya girma,
Sun kai shi ɗaki da fatan alfarma,
Sai ga waya cikin dare ana kyarma,
Wa ya tambayi halin wannan zuciya?

Ɗalibin Lauya:
Hajiya, ban isa in yi musu da ke kan ran da aka rasa ba. Sai dai mu tuna inda gardamar take. Babu shaidan da ya ce ya ga sukar da ta kashe shi da idonsa. Lauyoyinta sun kafe cewa ba a yi binciken gawa ba, ba a kuma kawo wuƙa gaban kotu ba. Ita ta ce faɗuwa ya yi kan fasasshiyar tukunyar shisha. Alƙali bai karɓi wannan ba, ya dogara da hujjojin da suka kewaye lamarin, da ƙa'idar cewa wanda aka gani tare da mamaci a ƙarshe shi ke da bayani.

Hukuncin na da shafuka masu yawa,
Jarida ta tsinci layi ɗaya ta kai kasuwa,
"Rataya!" da manyan baƙaƙe don sayarwa,
Dalilin alƙali ya kwana a baya.

Cikin masu zagi da masu yabo,
Wa ya buɗe shi? Sai dai mai rabo,
Saura rantsuwa suke, suna kwasar saɓo,
Kan abin da suka tsinta a bakin hanya.

Direban Tasha:
Yallaɓai lauya, ka zage mu da ladabi, mun ji. To amma da mun yi shiru fa? A Oktoba 2025 sunanta ya fito cikin mutum 175 da Shugaba Tinubu ya yi wa afuwa da sassauci. Sai da mutane suka yi ca aka sake duba jerin, nata ya koma ɗaurin shekara 12.

Akwai wanda ya saci akuya a karkara,
Yana jiran shari'a shekara da shekara,
Sunansa bai hau takarda ba, bana ko bara,
Ba shi da kawu, ba shi da lauya.

Afuwa ta fito, gari ya ɗau zafi,
Rediyo, Facebook, kowane shafi,
Hayaniyar da ka raina ita ta yi ƙarfi,
Har fadar shugaba ta ja da baya.

Ɗalibin Lauya:
Baba direba, nan kam ka kama ni. In ƙara maka: Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin tun Disamba 2020, Kotun Ƙoli ma ta bi sahu a Disamba 2025, bayan sassaucin. Layi biyu kawai gare ni:

Fada ta ƙirga shekaru ta ce sha biyu,
Kotu ta ce tana nan kan batun igiya.

Uwar Biyu:
Ni kun ga, yanzu hankalina ya bar kansu su biyun.

Ba ta ita nake ba yanzu, ba ta shi,
Yaran nan biyu za su tashi,
Su rubuta sunan uba don su gan shi,
Sai kukan uwa ya fito, da masu dariya.

Tsohon Malamin Firamare:
Hajiya, kin sa na shiga wayata yanzun nan na goge duka taran. Saura ƙanina da ya fara turo mini, shi sai na je gidansa. Direba, layi na uku a baitinka na biyu ya yi tsawo, ka rage masa gaɓa kafin gobe.