Likita ya ɗora ni a kan sertraline, ƙawata ta ce in koma 5-HTP

Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ni malamar makaranta ce a cikin garin Katsina. Tun bayan haihuwata ta ƙarshe nake fama da faɗuwar gaba babu gaira babu dalili: zuciya ta yi ta dukan uku-uku, hannu na rawa, barci ya ƙaurace. Likita ya ce cutar fargaba ce, ya rubuta mani sertraline. Ban jima da farawa ba, amma abin kamar ƙaruwa ma yake yi, ga tashin zuciya. Ƙawata da ke sayar da ƙwayoyin ƙarin gina jiki ta kawo mani 5-HTP da L-theanine da magnesium da bitamin B, ta ce amino asid ne irin na cikin abinci, ba su da illa. Mai kemis ɗin unguwarmu kuma kan ba ni Lexotan, shi kam nan take nake jin sanyi. In bar na likita in koma nata, ko in haɗa? Ina shayarwa.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya ba ki lafiya 'yar'uwa. Ni magnesium ya taimaka mani wajen barci, amma ki sani yana sakar da ciki in ya yi yawa.

Ɗan Ƙofar Marusa: Baiwar Allah ki riƙe azkar na safe da yamma, a yi maki ruƙiyya. Ba kowane abu ne na asibiti ba.

Mai Haɗa Magunguna: Malam, azkar ba ya faɗa da magani, ta riƙe duka biyun. Hajiya, abu ɗaya nake roƙonki kafin komai: kada ki haɗa 5-HTP da sertraline. Jiki na juya 5-HTP ya zama sinadarin serotonin, shi kuwa sertraline aikinsa hana ƙwaƙwalwa saurin kwashe wannan sinadarin. Wannan na zubawa, wancan ya toshe magudana. In ya taru da yawa sai a ga gumi, karkarwa, gudawa, zazzaɓi, taurin jiki da ruɗewa, wani lokaci har sai an kwantar da mutum a ɗakin gaggawa. Ƙwayar tryptophan, wato amino asid ɗin da jiki ke juyawa ya zama 5-HTP, ita ma haka take.

Batun "daga abinci ne" kuwa, gaskiya ne akwai tryptophan a gyaɗa, wake, ƙwai, riɗi, nono da awara, kuma babu wanda zai hana ki cin su. Amma abin da aka tace aka dunƙule a ƙwaya ya tashi daga abinci. A 1989 a Amurka sama da mutum 1,500 suka kamu da wata muguwar cutar tsoka da jini bayan shan ƙwayoyin tryptophan, wasu suka rasu, har hukuma ta janye su daga kasuwa. L-theanine daga ganyen shayi yake, binciken da aka yi a kansa ƙanana ne, kuma ba a tabbatar da amincinsa ga mai shayarwa ba. Lambar NAFDAC a jikin kwalba ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da fargaba. Ƙawarki ba mugunta take nufi ba, amma fa kaya take sayarwa.

Abin da kike ji yanzu sananne ne: makon farko da na biyu na sertraline fargaba kan ɗan ƙaru, sauƙi na sosai sai wajen mako 4 zuwa 6. Yana cikin waɗanda likitoci suka fi zaɓa wa masu shayarwa. In ya matsa maki, ki koma wajen wanda ya rubuta ya duba adadin, kada ki yanke da kanki.

Anti Nas daga Daura: Ƙanwata, Lexotan ɗin nan shi ya fi tayar mani da hankali. Danginsu ɗaya da diazepam, jiki na saurin sabawa da su, shi ya sa ba a son a wuce mako 2 zuwa 4. Yana bin ruwan nono ya sa jariri kasala da yawan barci. In kin daɗe kina sha kullum kada ki daina dare ɗaya, yana iya kawo jijjiga. Ki faɗa wa likita gaskiya ya rage maki a hankali. Sannan an auna jininki? Mata nawa muke gani bayan haihuwa da bugun zuciya, ashe ƙarancin jini ne ko ƙullin maƙogwaro, wato tayrod, ya zafafa aiki. Ki nemi gwajin biyun, ana yi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Bitamin yana amfani ne in an ga jiki ya rasa shi, B6 ma in aka daɗe ana shan mai yawa yana kashe jijiyoyin ƙafa da hannu. Goro da Nescafé da shayi mai kauri, a rage su.

Mai Tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti, ba a yi mani gwajin ba, kuma gaskiya ni ma'abociyar goro ce. Wani abu kuma: bayana na ciwo, maigida na da tramadol a gida, zan iya sha?

Mai Haɗa Magunguna: A'a Hajiya, kada ki taɓa shi. Tramadol ma yana ɗaga serotonin, haɗa shi da sertraline na iya kawo abin da na faɗa a sama har da farfaɗiya, kuma ba a son shi ga mai shayarwa. Paracetamol ya wadatar kafin a duba bayan. Ranar da za ki koma asibiti ki zuba duk kwalaben a leda, har da na ƙawarki, ki ajiye gaban likita, ki kuma tambayi ko akwai masanin halayyar ɗan Adam da za ki riƙa zama da shi, don zaman yana aiki sosai a kan fargaba. In kuwa tunanin cutar da kanki ko jaririn ya taɓa zo maki, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki sa maigida ya kai ki a ranar.