Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: har a abotar mai bi?

Maman Rifkatu: Salama 'yan'uwa. Jiya a zumuntar mata wata uwa ta jawo wannan karin maganar, wai mai bi ya rabu da duk abokin da ba ya zuwa coci, ko ba kai ka ɗauko kanwar ba in dai kana kusa ƙurar sai ta hau kanka. Abin ya tsaya min a rai gaskiya, don ina da ƙawa tun firamare, ba addininmu ɗaya ba amma ita ta kwana a ƙasa kan tabarma a asibiti ranar da aka min tiyata. In yar da ita kenan?

Baba Dattijo: 'Yata, maganar uwar nan ba banza ba ce. Bulus ma ya faɗa a 1 Korintiyawa 15:33, zama da mugaye yana ɓata halin kirki. Mun sha gani da idonmu, yaro yana cikin mawaƙa yana buga ganga, sai ya koma zama a majalisar 'yan shaye-shaye, yau babu shi a addu'ar safe, gobe Lahadi ma sai an je an taso shi.

Ɗan matasa: Baba ayi min haƙuri, amma Yesu fa har sunan abokin masu karɓar haraji da masu zunubi aka sa masa, Matiyu 11:19. Ya sauka gidan Zakka a Yariko mutane na ta gunaguni, ƙarshe Zakka ne ya miƙe yace zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya cuta kuma ya mayar masa ninki huɗu.

Baba Dattijo: Ɗana kai ba Yesu ba ne. In kun zauna, wa ke jan wani?

Matar fasto: Ni a ganina uwar nan ta sa karin maganar inda ba wurinta ba. Hali ake nufi. Mai ɗauke da kanwar yana iya zama benci ɗaya da ke ranar Lahadi, ana tashi sujada tun ba a fita ƙofa ba ta fara miki gulmar mawaƙa da kuɗin baiko, ki koma gida zuciyarki ta ɓaci da mutanen da ba su miki komai ba. Abokan Ayuba ai sunan Allah ne a bakinsu, kwana 7 suka zauna da shi a ƙasa shiru, da suka buɗe baki sai ɗora masa laifi, har Allah ya husata da su. Yonatan kuma ɗan Saul ne, ubansa na neman ran Dawuda, amma shi ya bi Dawuda har jeji ya ƙarfafa shi ga Allah. Maman Rifkatu ki riƙe ƙawarki.

Baba Dattijo: Mama na ji, ga babba wanda ya tsaya da ƙafarsa ban musa ba. Amma yaro ɗan shekara 15 kam zan ci gaba da tambayarsa da wa yake yawo, kuma in ya faɗi sunan sai na je na ga gidansu.