Neman shawara: na kasa shiga akwatin imel ɗina

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan matsalar da ta hana ni sakat. Bayan na sauya waya, na shigar da kalmar sirrin imel ɗina daidai, amma aka nemi lambar tabbatarwa mai alƙaluma 6 da ake turawa ta saƙon tes. Layin da na yi rajista da shi kuwa ya daɗe da rufewa, har kamfanin sadarwa ya mallaka wa wani lambar.

Na cike fom ɗin dawo da asusu daga kwamfutar da na saba amfani da ita, sai aka amsa cewa ba a gamsu ni ne mai asusun ba. Takardun aikina suna ciki, amma hotunan mahaifiyata, Allah Ya jiƙan ta, su suka fi damuna.

Tsohuwar wayar tana hannuna, tana kunnuwa, gilashinta ne kawai ya fashe. Shin idan aka gyara shi, zan iya amincewa da shigar daga cikinta ba tare da layin ba? Kuma wanda ya gaji lambar zai iya kutsawa cikin asusun?