Taƙaitawa kan tallace-tallacen talabijin masu ban haushi

Jama'ar Zariya, ga abin da na tattaro daga doguwar muhawararmu.

1. Kusan kowa ya yi tir da tallar maganin gargajiya, inda ake cewa wai kwalba ɗaya ke warkar da basir, taifot, ciwon suga da sanyin mara. Iyaye sun fi kokawa da kalaman batsa da ake saki yara na zaune a falo. Shawara: a duba lambar NAFDAC, a fara zuwa asibiti. Irin wannan tallar ce ta fi damuna, don lafiyar mutane ake wasa da ita.

2. Tallar da aka shirya a Legas aka ɗora mata gurguwar Hausa: an ce a riƙa ɗaukar 'yan gida.

3. Yawan maimaici, musamman gab da buɗa-baki da azumi, da hutun rabin lokaci a gidajen kallon ƙwallo na Samaru da Sabon Gari. A rage murya kawai.

4. Kan waƙoƙin talla an rabu. Wasu sun ce hayaniya ce, wasu sun ce tunda yara na rerawa a layi, talla ta yi aikinta.

5. Wasu sun ce a kai ƙara ARCON, hukumar kula da tallace-tallace wadda ta maye gurbin APCON a 2022, ko NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin. Wasu na ganin ɓata lokaci ne.