Waterfall ko Scrum: wanne ya dace da mu?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne muke haɗa manhajar lissafin kaya, amma mai aikin kullum da sabon ra'ayi. Jiya ma, bayan mun gama zana komai, ya ce a ƙara shafin masu bashi. Mu ci gaba da Waterfall ne, ko mu koma Scrum?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam, ƙanina. Waterfall yana so a kulle buƙatu tun farko, sannan zane, rubutun manhaja, gwaji, bi da bi. Da irin wannan mai aikin kuwa za ku sha wuya. Ku koma Scrum: ku raba aikin zango-zango na mako biyu, ƙarshen kowanne ku nuna masa abin da ya fara aiki. Shafin bashin ya shiga layi ya jira zango na gaba.

Hajiya Mai Gwaji: Ni dai ina ganin Scrum ya yi muku nauyi. Ku huɗu, wa zai bar rubutu ya zama Scrum Master, mai kula da tafiyar tsarin? Ku yi allon Kanban, dabarar da ta samo asali daga Toyota: allo mai gida uku, za a yi, ana yi, an gama, kowane aiki da katinsa. Kada katin "ana yi" ya wuce uku.

Tsohon Hannu: Ba laifi, Hajiya, amma taron Scrum na minti 15 na kullum dai kada su yar da shi.